Makarantar Da Aka Gina Bisa Juji

A can ƙasar Amurka, cikin jihar Niyu Yok, akwai wani gari ana ce da shi Niagara Falls. Tun kafin shekarar 1900 wani mutum mai suna William Love ya fara haƙa hanyar ruwa a gefen garin, don ya sami wutar lantarki. Kuɗi suka ƙare masa, ya bar aikin. Sai wani dogon kududdufi ya rage, aka riƙa kiransa Love Canal.

A cikin 1942 kamfanin Hooker, mai yin sinadarai, ya soma zuba dattin masana'antarsa a ramin nan, galibi cikin gangunan ƙarfe. Abin da ya zuba ya kai wajen ton 21,000. A 1953 ya rufe ramin da yumɓu, ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1 tak. Ya kuwa rubuta gargaɗi a takardar cinikin, amma duk da haka aka gina makaranta, aka buɗe ta a 1955. Gidaje suka kewaye ta.

To, yara, kun san yadda ƙarfe yake yi in ya daɗe cikin laima. Gangunan nan suka yi tsatsa, suka hudu. Yara suna wasa a filin, su koma gida da ƙuna a hannu da fuska. Har akwai waɗansu duwatsu da suke tsinta, in sun jefa sai su yi tartsatsi. Su a ganinsu abin wasa ne! Da ruwan sama da ƙanƙara suka yi yawa wajen 1977, sai baƙin ruwa mai wari ya fara tsattsafowa cikin gidaje.

Akwai wata mata a unguwar, sunanta Lois Gibbs, ɗanta yana makarantar nan, ga shi ya kamu da farfaɗiya. A 1978 ta nemi a sauya masa makaranta, aka ƙi. Ba ta da sarauta, ba ta da dukiya. Sai ta ɗauki takarda, ta bi gida gida tana neman sa hannun maƙwabta. Nan ta tarar ashe ba ita kaɗai ba ce. Wannan ta yi ɓari, waccan ɗanta ba ya rabuwa da ciwo. Suka kafa ƙungiya, suka rubuta ciwon kowane gida, suka sa a taswira. Yara ma suna fita tare da iyayensu, riƙe da alluna.

Cikin Agusta 1978 aka rufe makarantar, aka fara kwashe iyali 239 da ke dab da ramin. Sauran aka bar su. Ransu ya ɓaci, har a watan Mayu 1980 suka tsare ma'aikatan gwamnati biyu a ofishin ƙungiya wajen awa biyar. Bayan kwana biyu Shugaba Jimmy Carter ya yarda a kwashe su.

A Disamba 1980 aka yi dokar da ake kira Superfund, wadda ta tilasta wa mai ɓata wuri ya biya kuɗin gyara. Dattin kuwa ba a kwashe shi daga ramin ba. An lulluɓe shi da yumɓu da roba, an kewaye wurin da waya.

Tambayoyi
1. Nawa aka sayar da filin?
2. Me ya sa gangunan suka hudu?
3. Ina ake zubar da shara a unguwarku?