Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Za A Sake Aikin Hanci?

Wata mai sauraronmu daga Kaduna ta ce an dasa mata roba a karan hanci don a ɗaga shi, sai wurin ya kama mugunya har aka cire robar. Tana tambaya, yaushe za a sake aikin?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Cirewar ita ce daidai, domin ƙwayoyin cuta kan manne wa robar silikon, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa.

Yawancin likitoci kan ce a jira wata 6 zuwa 12. Na san jiran da wuya, kullum ido na kan madubi. Amma taɓa hancin ki ji: fatar da tauri, ga sauran kumburi. Sai tabon ciki ya yi laushi, jini ya koma gudana sosai, sannan sabon dashe zai kama. In aka yi garaje, ciwon na iya dawowa.

Sai dai tabo kan janye hanci ya gajarta, kansa ya ɗage sama. Da kin ga alamar haka, koma wurin likitanki, don wani lokaci akan matso da aikin kusa. A karo na biyu an fi amfani da guringuntsin jikinki, na kunne, na haƙarƙari ko na tsakiyar hanci, saboda bai cika kama cuta ba.

Kafin nan, ki nisanci taba da shisha. In kika ga ja, mugunya ko zazzaɓi, ki je asibiti a ranar.