Babi na Tara: Guzurin Tafiya da Yara a Jirgin Sama

9.1 Gabatarwa

Guzuri shi ne abin da matafiyi ke tanada domin biyan buƙatarsa a hanya. A al'adar Bahaushe, gwargwadon nisan tafiya gwargwadon yawan guzuri. Mutumin Daddara da ke ƙaramar hukumar Jibiya, idan zai kai iyalinsa Katsina, ko zai tsallaka iyaka ta Magama zuwa Maraɗi, yakan ɗauki fura da ƙuli-ƙuli da butar ruwa, abin da ya manta kuma ya saya a tasha. Tafiyar jirgin sama kuwa ta saɓa wa wannan, domin doka ce ke iyakance abin da za a ɗauka, kuma babu zango a hanya. Wannan babi zai bi iyalin da za su tashi daga Daddara zuwa Umara da yara ƙanana, ta filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ana sa ran a ƙarshensa ɗalibi zai iya rarrabe kayan tafiya gida uku, ya kuma tsara darasi a kai.

9.2 Takardu

Shirin farko na takardu ne, kuma shi ya fi cin lokaci. Kowane yaro, ko da jariri ne, sai da fasfo da biza na kansa. Kafin a yi masa fasfo ana neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da takardar amincewar iyaye. Ƙasashe da dama, har da Saudiyya, suna sharɗanta cewa fasfo ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Sai katin rigakafi. Ana yi wa yaro allurar shawara daga wata 9, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Saudiyya tana kuma neman shaidar rigakafin sanƙarau da na shan-inna daga matafiyan Nijeriya. Hausawa na cewa mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka, don haka mazaunin ƙauye da zai yi ta zirga-zirga zuwa Katsina ya fi kowa buƙatar farawa da wuri.

9.3 Jakar Hannu

Jakar hannu ita ce take shiga cikin jirgi tare da matafiyi, kuma yawancin kamfanoni ba su yarda ta wuce kilo 7 ba. Duk abin da yaro ba zai iya kwana ɗaya babu shi ba, a nan ake sa shi, saboda babbar jaka tana iya makara ko ta ɓata. Daga ciki akwai ƙunzugu, da majanyi, da tufafin canji, da rigar sanyi, da madara da bulumboti, da maganin zazzaɓi, da gishiri da sukari na zawo. Yaron da ya tasa a ba shi littafin zane ko abin wasa marar ƙara.

A kan kayan ruwa aka fi samun saɓani da jami'an bincike. Bayan wata maƙarƙashiya da aka bankaɗo a Ingila a watan Agusta na 2006, an taƙaita ruwan da ake shiga da shi jirgi zuwa mililita 100 a kowane mazubi. Wasu filayen sun sassauta bayan samun sababbin na'urori, amma mafi yawa suna nan a kan dokar. An ɗauke wa madarar jariri da magani wannan sharaɗi, muddin aka nuna su. Goran fura da robar kunu kuwa a bakin ƙofa ake barinsu. Haka kuma wuƙa da reza da almakashi ba su shiga jakar hannu. Batirin cajin waya shi kuma ba ya shiga babbar jaka, don gudun gobara.

Akwai dalilin da ya sa ake ajiye abin tsotso a kusa. Lokacin tashi da sauka nauyin iska yana canjawa, sai kunne ya toshe ya yi zafi. Haɗiya ce ke buɗe shi. Saboda haka uwa ta shayar da jariri a waɗannan lokuta, babban yaro kuma a ba shi alawa ko ruwa. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, wanda ya wuce haka kuma yana da kujerarsa.

9.4 Babbar Jaka

Babbar jaka ita ake aunawa a ba kamfani, kuma galibi kilo 23 ne iyakarta. Abin da ya haura sai an biya kuɗi. A nan ake sa sauran tufafi da busasshen abinci da ƙasar da za a je ta yarda da shi. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta sha gargaɗin maniyyata a kan tafiya da goro, domin Saudiyya ta hana shiga da shi. Ya kamata a bar wuri saboda tsarabar dawowa.

Babban haɗari shi ne karɓar saƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Zumunci ya sa Bahaushe yana jin nauyin ƙin karɓar saƙo, sai dai a dokar jirgi mai jaka shi ke da abin da ke cikinta. A watan Disamba na 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya saboda ƙwayoyin da aka samu a wata jaka da aka liƙa wa sunanta a Kano, ba a sake ta ba sai a watan Afrilu na 2019, bayan bincike ya wanke ta. Don haka uba ya shirya kaya da hannunsa, ya ƙirga jakunkunan iyalinsa, ya adana takardar shaidar kowace jaka.

9.5 Kammalawa

An ga cewa a tafiyar jirgi, sanin inda kowane kaya zai shiga ya fi yawan kayan muhimmanci. Malamin Hausa a gari irin Daddara shi ake kawo wa takarda ya karanta, don haka wannan sani zai amfane shi a aji da wajen aji. A aji yana iya amfani da batun wajen koyar da rubutun bayani da sababbin kalmomi, kamar fasfo da biza da tikiti, waɗanda Hausa ta aro ta daidaita da tsarin sautinta.

9.6 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin guzurin tafiyar mota da na jirgin sama.
2. Kawo abubuwa biyar da ake sa wa jariri a jakar hannu, tare da dalili.
3. Me ya sa karɓar saƙo yake da haɗari ga matafiyi?
4. Tsara darasin minti 35 a kan wannan batu ga 'yan aji biyar na firamare.