Yaro kurma a Auyo: wace makaranta za a kai shi?

Wani mai sauraronmu daga Auyo ya tambaya: ɗansa mai shekara shida ba ya ji, shin ya bar shi a firamaren unguwa ko ya nema masa wata?

To Malam, fara kai shi asibiti a gwada kunnensa, domin wani rashin jin daga ciwon kunne yake, magani na warkar da shi. Idan kurumta ce, makarantar kurame ta gwamnatin Jigawa tana nan Haɗeja, kusa da kai. Yaron da ya zauna a aji mai ɗalibai tamanin yana kallon bakin malami kawai, shekara za ta wuce bai kama komai ba, amma da maganar hannu sai karatu da lissafi su buɗe masa. Wasu za su ce ya yi ƙanƙanta da barin gida, ga damina na yanke hanyoyin fadama. Damuwar gaskiya ce, sai dai harshe da ƙuruciya ake kama shi, jinkiri kuwa ba ya ramuwa. Dokar kare haƙƙin masu nakasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi karatu kyauta har sakandare. Ku ma iyaye ku koyi maganar hannun, ya samu abokan hira a gida.