Tudun Bayan Gari Ko Duwatsun Kolorado: Ina Za A Kai Yara Su Koyi Zamiya?

Wani magidanci da ke zaune da iyalinsa a kudancin Miniyapolis, a jihar Minesota ta Amurka, ya aiko da tambaya. 'Ya'yansa biyu sun matsa masa sai sun koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara kamar 'yan ajinsu. Kusa da gidansu akwai Buck Hill, ɗan tudun nan da ake hangowa daga babban titi a garin Burnsville, amma abokan aikinsa sun ce wannan ba wurin zamiya ba ne, gara ya tara kuɗi ya kai su Kolorado in an yi hutu. Yana son ya san wanne ya fi.

Malam, ka kai su tudun da ke kusa da kai, kuma ka riƙa kai su a kai a kai. Kolorado ba za ta gudu ba. Sai dai ƙaramin wuri yana da nasa aibun, har da wanda kan kai mutum asibiti, shi ya sa ba zan tsaya a nan ba.

Abokan aikinka ba su yi ƙarya ba a maganar girma. Daga ƙolin Buck Hill zuwa gindinsa mita 100 ne ko kusa da haka. A Whistler Blackcomb ta Kanada tazarar ta kai mita 1,600, a Les Trois Vallées ta Faransa kuwa hanyoyin zamiya in an haɗa su sun kai kilomita 600. Abin da suka manta shi ne sabon shiga ba ya ganin komai a cikin wannan faɗi. A kan ɗan gangare mai sauƙi zai yi kwanakinsa na farko, yana koyon haɗa kawunan allunan zamiya biyu da ke ƙafafunsa ya ware bayansu don ya tsaya, yana koyon ɗora nauyinsa a ƙafar waje in zai juya, ya faɗi ya tashi. Irin wannan gangaren ɗaya ne a ko'ina, kuɗin ne ya bambanta. A Vail ta Kolorado, tikitin yini guda da aka saya a taga ya haura dala 300 a ranakun hutu na 'yan shekarun nan, ba a yi maganar jirgi da masauki da hayar kaya da ladan mai koyarwa ba.

Ko da kuɗin na nan a ajiye, shawarata ba za ta sauya ba, domin zamiya jiki ne ke haddace ta. Kamar hadda take: ɗalibin da ke bita kullum da yamma ya fi wanda ya yi mako guda yana karatu dare da rana sannan ya jingine allo sai baɗi. A ƙaramin tudu saukowa ɗaya minti guda ce, kujerar da ke ɗaga mutane sama ta mayar da yaro cikin 'yan mintoci, ya sake gangarowa ta hanyar da ya yi kuskure ɗazu ya gyara. A Buck Hill ɗin da aka raina maka Lindsey Vonn ta koyi tsere tana ƙarama, a hannun koci Erich Sailer, ɗan asalin Ostiriya, kuma ita ce ta ci zinare a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Dave Ryding na Ingila ma ba a kan dusa ya fara ba, a kan shimfiɗar roba ya koya a tudun Pendle, ya zo ya ci gasar Kitzbühel a 2022. Ban kawo su don ka sa ran zinare ba. Na kawo su ne don ka san tudu mai mita 100 ya isa ya koyar da duk tushen wasan.

Kusancin ma ba ƙaramin abu ba ne. A watan Disamba rana kan faɗi da misalin ƙarfe 4:30 a Miniyapolis, amma tudun na da fitilu. Yara su taso makaranta, a yi magariba, a yi awa biyu a kan dusa, a dawo gida a ci abinci. In yaro ya gaji ko sanyi ya dame shi bayan rabin awa, sai a tafi ba tare da jin an yi asara ba. Uban da ya kashe dubban daloli kuwa yakan tilasta wa yaro ci gaba yana kuka, kuma a gajiye ake yawan jin ciwo. Ga shi duk hanyoyin ƙaramin tudu wuri ɗaya suke ƙarewa, yaro ba zai ɓace maka ba.

To, sai aibun. Na farko ita dusar kanta. Yawancin abin da za ku taka na inji ne: ana fesa ruwa da iska mai ƙarfi in sanyi ya kai kamar digiri 2 ƙasa da sifili, ɗigon ya daskare kafin ya sauka. Wannan dusar ta fi ta sama nauyi da tauri. In rana ta ɗan narkar da ita, dare ya sake daskarar da ita, ɗaruruwan alluna kuma suka yi ta kankare hanyoyi 'yan ƙalilan, zuwa yamma wasu wuraren sun zama ƙanƙara zalla mai santsi. Faɗuwa a kanta da zafi. Ka tambayi ma'aikata lokacin da motar gyaran dusa ke bi, ku zo bayansa, kuma ka duba gefen ƙarfen allunan haya, in ya dakushe a canja muku. Cunkoso shi ne na biyu. Ranar Asabar da rana matasa masu gudu da masu tatata duk a gindi ɗaya suke haɗuwa. Kafin yaranka su hau kujera su san ƙa'idar da duniya ta yarda da ita: wanda ke gabanka a gangare shi ke da hanya, kai na baya kai za ka kauce. Kada su tsaya a ƙasan tudun da na sama ba ya hango su, kuma su waiga sama kafin su sake tashi.

Kada ƙanƙantar wurin ta sa ka yi sakaci da hular kwano. A watan Maris na 2009 'yar wasan fim Natasha Richardson ta faɗi a hanyar masu koyo a Mont Tremblant ta Kanada, ba hula a kanta. Ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta buƙatar likita, ashe jini na taruwa a cikin ƙoƙon kanta, bayan kwana biyu ta rasu. Duk yaron da ya buga kai, ko ya ce ba komai, a tsayar da wasan ranar. In ciwon kai ya ƙaru, ko amai, ko magagi, asibiti nan take. A wurin haya kuma a faɗi gaskiyar nauyi da tsayi da iyawar yaro, don da su ake saita maƙalar da ke riƙe takalmi. In ta yi tsauri ba za ta saki ba lokacin faɗuwa, gwiwa ce za ta murɗe.

Sanyin Minesota kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Kada a sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta yi sanyi. Safa ɗaya mai kyau ta fi biyu a cushe, don matsi na hana jini gudu. In kunne ko kumatu ko yatsa ya mutu, fatar ta yi fari ko toka-toka, a shiga ciki a ɗumama a hankali, ba murzawa ba kangawa a wuta. Wanda ya yi alwala ya tsane hannu da fuska sarai kafin ya fita.

Maganar tikitin kaka guda kuwa, kada ka yi gaggawa. Hunturun 2023 zuwa 2024 ya zo da ɗumin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a Miniyapolis, kuma ƙananan wurare masu ƙasa-ƙasa su ne irin wannan shekarar ke fara bugewa. A Faransa ma an rufe La Sambuy, kusa da Annecy, a 2023 saboda dusa ta daina zama. A shekarar farko ka sayi darussa na mako-mako haɗe da kayan haya. In yaran sun riƙe abin, shekara mai zuwa ka raba kuɗin tikitin kaka da na yini, ka ga sau nawa za ku je kafin ya biya kansa, ka kuma tambayi abin da ake yi in kakar ta gajarce. Takalmin yara haya ya fi saye, ƙafarsu girma take yi.

Aibin da ya fi ɓuya shi ne yaro ya ɗauka ya gama iyawa. Alamomin hanya a Amurka, koren da'ira da shuɗin murabba'i da baƙin lu'ulu'u, kowane dutse da kansa yake auna su. Baƙar hanyar ƙaramin tudu tana iya zama shuɗiyar Kolorado, ko ma ƙasa da haka. Wanda ya saba da saukowar minti guda bai san yadda cinya ke rawa bayan minti goma sha biyar ba, bai san dusa mai zurfi ba, bai san hazon kan dutse ba. Iyayen Vonn ma daga baya Vail suka koma da ita. In ka ga yaranka suna juyawa da allunan a jere a kowace hanya, suna tsayawa inda suka ga dama, har sun fara ƙosawa, lokacin ƙarin tsayi ya yi. Ku fara da Lutsen a gaɓar tafkin Superior, cikin jiharku, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota, inda tazarar ta ninka ta Buck Hill fiye da sau biyu.

Kafin Kolorado akwai abin da abokan aikinka ba za su tuna maka ba, mu kuwa ya shafe mu kai tsaye: sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, da yawa ba su ma sani ba. Ƙolin Buck Hill bai kai mita 400 bisa teku ba, garin Vail kuwa yana wajen mita 2,500, ƙolin dutsensa ya haura 3,400. A irin wannan tsayin iskar oksijin da jini ke samu tana raguwa, kuma in aka haɗa da motsa jiki mai tsanani da ƙishirwa, ko mai AS jininsa na iya toshe saifa. Ryan Clark, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh Steelers, mai AS ne, ya buga wasa a Denver a 2007, garin da tsayinsa mita 1,600 ne kacal, aka ƙare da cire masa saifa da matsarmama. Ga masu karatu a wasu ƙasashe: ƙanƙantar wuri ba ta nufin yana ƙasa. Oukaimeden ta Maroko daga mita 2,600 ta fara, Afriski ta Lesoto ta haura 3,000.

Don haka a gwada jinin kowa a gidan, har da kai da maiɗakinka. Yaro mai SS, sanyi kaɗai kan tayar masa da ciwo, ko tudun bayan gari kada ya hau sai likitansa ya amince. Mai AS ya ga likita kafin tafiyar dutse, ya kwana a Denver kafin ya ƙara hawa, ya sha ruwa sosai, yinin farko ya bi a hankali a kan korayen hanyoyi. In ya ji ciwo a ƙasan haƙarƙarin hagu, ko a kafaɗar hagu, ko numfashi ya yi wuya yana zaune, a sauko da shi daga dutsen a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likitan tun daga ƙofa cewa AS ne.