Kafin ka gina Linux na ƙaramar na'ura, fara da gyara wurin ginin

Wannan rubutu na ƙannena ne masu koyon haɗa na'urori, musamman waɗanda ke yawan tambayata a Birnin Kudu da Dutse.

Sana'ata ita ce haɗa ƙananan kwamfutocin da ke zaune a cikin wasu na'urori, waɗanda ba su da allo balle madannai. Bara na haɗa wata a kan Raspberry Pi 4 domin wata rijiyar burtsatse mai famfon sola a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Aikinta ta auna ruwan tanki, ta turo saƙo idan famfo ya tsaya. Ta yi wata biyu lafiya lau, sai shiru. Da na je na tarar katin mimori ya lalace, domin batir kan ƙare da asuba, wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu. Wannan kam yana faruwa. Abin kunyar shi ne da na koma Birnin Kudu zan sake gina manhajar, na tuna na goge kwamfutar da na yi ginin farko a kanta, kuma ban ajiye saitin a ko'ina ba. Kwana huɗu na yi ina lalube, mutanen ƙauye suna kira.

Ba a cikin ƙaramar na'urar ake gina babbar manhajarta ba, ba ta da wannan ƙarfin. A kwamfutarka ake ginawa, amma da harshen ƙwaƙwalwar ARM da ita na'urar ke ji, sannan a zuba a kati. Manyan kayan aikin biyu ne: Buildroot, mai sauƙin koyo, da Yocto, wanda gidauniyar Linux Foundation ta sanar da shi a 2010. Ni Yocto nake amfani da shi, duk da wahalarsa.

Idan ka kunna oe-init-build-env na Yocto, zai samar maka da fayil biyu, kuma kusan duk sirrin yana cikinsu. A bblayers.conf kake jera rukunonin umarnin gini da za a yi aiki da su, misali meta-raspberrypi. Ka tabbata duka daga zubi ɗaya suke. Ina ba da shawarar zubin Scarthgap na Afrilun 2024, wanda aka yi alkawarin kula da shi shekara huɗu. Ka gauraya zubi biyu, BitBake, mai gudanar da ginin, ya ƙi ka tun daga bakin ƙofa. A local.conf kuma kake faɗin na'urar da kake nufi, a layin MACHINE.

Nan ne nake so mu daɗe. Waɗanda suka tsara saitin asali suna da wuta da intanet da ba sa yankewa, mu kuwa da kuɗin data muke aiki. Ginin farko yana sauko da gigabayit masu yawa, kuma duk suna taruwa a inda layin DL_DIR ya nuna. Ka mayar da shi kan faifan ajiya na waje. Haka ma SSTATE_DIR, inda ake adana abin da aka riga aka gina, don kada gyaran layi ɗaya ya sa ka sake kwana a kan aikin. Ni yanzu nakan je inda sabis ke da ƙarfi, in sa BitBake ya sauko da komai ba tare da gini ba, in dawo gida in sa BB_NO_NETWORK ya zama 1. Daga nan ko sabis ya ɗauke kwana uku, babu ruwana.

Ka tanadi fili mai yawa, littafin Yocto da kansa ya nemi gigabayit 90 a 2024. Ka kuma rage BB_NUMBER_THREADS da PARALLEL_MAKE idan kwamfutar cinya gare ka. A zafin watan Afrilu na ga tawa ta kashe kanta bayan awa uku tana gini, fanka tana kuka kamar injin markaɗe.

Maganin lalacewar katin ma a local.conf yake: ka ƙara read-only-rootfs, tsarin ya zama na karantawa kawai, abin da dole a rubuta ka ware masa ɓangare dabam. Sai agogo. Raspberry Pi 4 ba ta da agogon da ke riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke, sai ka ƙara mata ɗan guntun DS3231, in ba haka ba bayananka su zo da kwanan watan da ba shi ba.

Fayilolin nan biyu, da lambar zubin kowane rukuni, yanzu suna cikin Git, kwafi ɗaya kuma a filasha cikin jakata. Na'urar Gwaram na mayar da ita, da kati na biyu manne a cikin akwatinta, na kuma nuna wa mai kula da rijiyar yadda zai musanya shi.