Kafin a kai jariri gaban wanzami don tsaga

Iyaye a Keffi da ƙauyukan kewaye, ku dakata kafin ku yarda a yi wa jariri bille ko zube ranar suna. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro tsaga ko zanen allura a fata, kuma hukuncin tarar da ba ta wuce Naira 5,000 ba ce, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun. Tarar kaɗan ce, amma cutar da doka ke gudu ba kaɗan ba ce: aska ɗaya da ta ratsa kumatun jarirai da dama ba a dafa ta ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan zuwa wancan.

Wasu za su ce tsaga gado ce, da ita ake gane dangi. Gaskiya ne, zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi ta mayar da ɓatattu gida. Yau takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ke wannan aikin, ba tare da jini ba. Idan kwalliya ake so, ga lalle nan, yana fita da kansa bayan 'yan makonni.