Yadda Ake Ɗora Injin Turbo a Tsohuwar Fijo Wagon

Duk wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ya kuma taɓa tsayawa a bakin hanya ran kasuwar Dandume ko ta Bakori bayan kaka ta yi, lokacin da masara da dawa da waken soya ke kwararowa daga ƙauyuka, auduga kuma tana jiran awo, ya san cewa arzikin da Allah ya shimfiɗa a wannan yanki na kudancin Katsina ba ya zama kuɗi a hannun manomi sai ya hau mota. Daga cikin motocin da suka ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru kuwa, babu wadda ta kai Peugeot 504 doguwa, wadda mutanenmu ke ce wa Fijo wagon, cancantar a ambace ta da alheri. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, doguwar ta biyo baya a 1971, sa'an nan masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi ta harhaɗa ta wajen shekara talatin, har ta zama ita ce motar haya, ita ce ta ma'aikatan gwamnati, ita ce ta kai amarya da ta ɗauko mara lafiya. Maƙeranta sun ɗaga cikinta daga ƙasa, sun ba ƙafafunta na baya sifirin huɗu, biyu a kowane gefe, shi ya sa take jure wa lodi da ramukan hanyar burji yadda motocin yayi ba sa iyawa.

Har yanzu akan sami irinta a garejin Funtuwa, bodi lafiya lau, alhali injin ya gaji: an sake ringi, an goge kiranshaf sau da dama, har babu sauran abin gogewa. A nan ne mai mota kan fara shawarar sake mata inji ɗungum.

Mas'alar farko ita ce zaɓen inji. Wasu kan ɗora mata injin motocin Japan, yakan kuma yi tafiya, sai dai bayan yanka da walda mai yawa. A ganina mafi dacewa shi ne a nemo mata ɗan gidansu, watau injin dizal mai turbo da Peugeot ta sa a cikin 505, ko dai XD2S mai lita 2.3 da ƙarfin doki 80, ko kuwa XD3T mai lita 2.5 da ƙarfin doki 95. Hujjata kuwa ita ce tun asali an ƙera 504 a Faransa da injin dizal na wannan zuriya, wato XD2 marar turbo, saboda haka mazauninsa na nan a cikin bonet, ba baƙo za a shigar ba. Wajibi ne kuma mai mota ya fahimci abin da zai samu, domin kada ya yi zaton abin da babu. Injinta na fetur mai lita 2 kusan daidai yake da babban cikinsu a ƙarfin doki, kuma ya fi shi son gudu. Fa'idar na dizal ita ce ja: yana ba da iyakar jansa tun yana juyi wajen 2,000 a minti, lokacin da na fetur bai gama farkawa ba, kuma abin da motar da ke fitowa daga gona da buhuna ke bukata ke nan.

Shi turbo aikinsa irin na zuga-zugin maƙeri ne, sai dai ba hannu ke zuga shi ba. Hayaƙin da inji ke fitarwa, maimakon ya wuce salansa a banza, shi ke juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya bakin sandar da ta haɗa su, wannan ta tura iska cikin inji da ƙarfi, inji ya sami damar ƙona mai fiye da yadda girmansa zai yarda. Sandar nan takan yi juyi sama da 100,000 a minti, kuma babu abin da ke raba ta da ƙarfen da take ciki sai ɗan siririn baƙin mai. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin kusan duk ƙa'idojin da za su biyo.

Sai sayen injin, kuma a nan ne ya kamata a yi tsanaki fiye da ko'ina, gama an daina ƙera 505 a Turai tun farkon shekarun 1990, watau duk injin da za a samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko wajen 'yan Maraɗi da suka fi mu sabawa da Fijo mai dizal, ya ba shekara talatin baya. Kada mai mota ya tafi sai da bakanikensa, kada kuma ya yarda da injin da aka riga aka ɗumama kafin ya iso, domin dizal a sanyi yake faɗin gaskiyarsa. A tashe shi a gabansu a duba hayaƙi: shuɗi alamar yana shan baƙin mai ne, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi alamar ruwa na shiga ko matsi ya yi rauni. A buɗe murfin baƙin mai a ga ko yana huci da ƙarfi. A duba ruwa ko yana kumfa, domin kan silindar waɗannan injuna na alminiyam ne, kuma idan ya taɓa tafasa yakan tsage ta inda ido ba ya gani. A cire tiyon iska, inji na kashe, a kama sandar turbo da yatsa a girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba aibi ba ne, amma idan tana kai da komo gaba da baya, ko fikafikanta sun goge bango, to ta gama. Malaman fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, sun kuma ba mai saye haƙƙin mayarwa idan aka ɓoye masa. Duk da haka a yi sharaɗin kwanakin gwaji a gaban shaidu, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji. Kuma a saye shi da kayansa cif: kik, altaneta, famfon iskar birki, kuloci, da giyarsa mai biyar, domin neman waɗannan ɗai-ɗai daga baya ya fi sayen injin wahala.

Fitar da tsohon inji ba ya bukatar dogon bayani, kowane yaron gareji ya iya. A cire batir tukuna, a zubar da ruwa da mai, a sa wa kowace waya alama, a ɗaga shi da sarƙa. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne duba wurin da ya bari: a wanke shi sarai, a nemi tsatsa da tsagewa a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji da inda shokazoba ke kamawa, a yi musu walda tun wuri na fili, saboda baƙon da ke tafe ya fi na da nauyi.

Sa'an nan a haɗa inji da giya a ƙasa, a sa sabon faifan kuloci ko da tsohon yana da saura, a sauke su tare a hankali. Injin fetur na 504 a kishingiɗe yake sosai, na dizal kuwa ya fi shi miƙewa, saboda haka ƙafafun da suka riƙe wancan ba za su riƙe wannan ba. A nemi na 504 mai dizal, in ba a samu ba a ƙera daga ƙarfe mai kauri, da sababbin robobi, domin dizal na da jijjiga. Kafin a ɗaure noti ko ɗaya, a tabbata kaskon baƙin mai bai taɓa ƙarfen sitiyari ba, bonet na rufuwa, kuma akwai tazara tsakanin turbo da bututun birki da wayoyi, a kuma sa farantin kare zafi a tsakani, gama turbo kan yi ja wur idan mota ta daɗe tana hawa da kaya.

Mafi wuyar aikin ƙarfe yana ƙarƙashin mota. Farfelar 504, watau sandar da ke kai juyin giya ga ƙafafun baya, ba a fili take ba, tana cikin wani bututu ne da ya haɗa giya da aksil na baya, kuma ta wannan bututu ne ƙafafun baya ke tura motar gaba. Tun da giya mai biyar ta fi mai huɗu tsawo, dole a rage bututun da sandar da ke cikinsa daidai gwargwado. Wannan aikin mai injin tonin ƙarfe ne, wanda zai auna ya daidaita, ba na mai walda a bakin titi ba. Idan aka karkace ko da kaɗan, mota za ta riƙa rawa a kan gudu tana cin boris har abada. Kada kuma a ce za a haƙura da giya huɗu don gudun wannan wahala, domin dizal ba ya juyi da yawa kamar fetur, kuma ba tare da ta biyar ba zai yi ta kururuwa daga Funtuwa har Zariya, yana shan man da aka ce ana son tattalawa.

Daga nan sai hanyar mai. A sauke tanki a wanke shi har warin fetur ya fita, a ja masa bututu na biyu wanda zai riƙa mayar da ragowar mai daga famfo, a sa filta mai raba ruwa da mai, domin man bakin hanya ba a rasa shi da ruwa ko gaurayen kananzir, famfon injekta kuwa da man da ke ratsa shi yake samun santsi. Mai wayarin zai cire kwayil da danginsa, ya mayar da wayar makulli zuwa ga ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa famfo mai, ya haɗa fulogin hita da rile da fis nasu, ya sa babban batir da wayoyi masu kauri. Salansa a sake ta da bututu mai faɗi. Filtar iska kuwa a nemi babba, a ɗaure kowace mahaɗa da kilif, saboda ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyinmu, idan suka sami ƙofa, cikin 'yan watanni sukan cinye fikafikan turbo.

Abu biyu nake roƙon makanikai kada su yi sassauci a kansu, ko da mai mota ya ce kuɗinsa sun ƙare. Na farko sanyaya inji. Lagireton fetur ba zai ishe shi ba a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. A sa babba mai layi da yawa, da fanka mai ƙarfi da kwandon da ke tattara mata iska, a tabbata agogon zafi na aiki, a zuba ruwan sanyaya na gaske maimakon ruwan rijiya mai barin kanwa a hanyoyi. Al'adar nan ta cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi, kuskure ce, domin aikinsa riƙe inji a kan zafi guda, kuma yawan hawa da saukar zafi na daga abin da ke gajiyar da kan silinda. Na biyu birki, wanda shi ne amanar rayukan da ke cikin motar. Tulun da ke sauƙaƙa taka birki a motar fetur daga bakin inji yake samun zuƙar iska, dizal kuwa ba ya ba da wannan zuƙa, sai an ɗaura masa famfo na musamman; idan aka manta da shi, ko bel ɗinsa ya saki, direba zai taka birki ya ji shi kamar dutse, mota na tafiya. A haɗa famfon da tiyo mai kauri wanda ba ya shaƙewa, a sake takalman birki gaba da baya, a zuba sabon mai, a kuma sa wa ƙafafun gaba sifirin da zai ɗauki ƙarin nauyi.

Ran tashin farko, bayan an yi bisimilla, a zuba baƙin mai na dizal da sabuwar filta, a ɗiga kaɗan a bakin turbo, a buga kik ba tare da an buɗe mai ba har fitilar baƙin mai ta mutu, sa'an nan a fitar da iska daga hanyar dizal a tashe shi. A bar shi yana silo, a zagaya ana neman yoyo. Ya kyautu a ajiye ɗan allon katako kusa, domin idan turbo na zubar da baƙin mai cikin inji, inji kan kama shan man nan yana ƙara gudu da kansa, makulli kuma ba zai kashe shi ba. Maganinsa a toshe bakin iska da allon, kada a kuskura a sa hannu. Gwajin hanya a fara shi ba kaya, zuwa Bakori a dawo, a sake ɗaure notuna, kashegari a gwada da lodi zuwa Malumfashi, ido na kan agogon zafi. Direba kuma ya koyi ɗabi'u biyu: kada ya taka totur da safe sai mai ya zagaya, kada kuma ya kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, ya ba shi minti ɗaya ko biyu, domin in mai ya tsaya alhali turbo na da zafi, ƙonewa yake yi a kan sandar. Bayan haka a kai takardu ofishin lasisi da na VIO a gyara lambar inji da nau'in mai, don kada halattacciyar dukiya ta zama abin tuhuma a shingen hanya.

Saura lissafi. Litar dizal ta fi ta fetur tsada a ƙasar nan, ko da yake tazarar ta ragu tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuma injin dizal ya fi tattalin mai nesa ba kusa ba idan ana tafe da kaya. A ɗaya gefen, injin fetur shi ne mai sauƙin mayarwa ga iskar CNG da gwamnati ke kira a koma gare ta, kayan gyaransa na nan a kowane shago, alhali mai gyaran famfon injekta sau da yawa sai an bi shi Zariya ko Kano. Saboda haka wanda sana'arsa jigilar hatsi ce tsakanin ƙauyukan Kafur da Danja da manyan kasuwanni, yana doguwar tafiya kullum, bodin motarsa kuma na da sauran ƙarfi, wannan aiki zai biya shi. Wanda kuwa iyakarsa kai yara makaranta da zagayen cikin gari, ya nemi wani injin fetur na 504 mai lafiya ya ɗora, ya sa ragowar kuɗin a birki da tayoyi.